Na je fadar samurai, mayaƙan Japan na da, a Himeji

Daga birnin Osaka na Japan na hau jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya, Shinkansen, kafin in gama shan shayin da na saya a tasha har mun iso Himeji. Kana fitowa za ka hango fadar can ƙarshen titi, fara fat a kan tudu, sai ka ce ga ta nan kusa, amma da ka shiga ƙofar farko hanya ta dinga juya ka kenan, ka yi hagu ka yi dama ka bi ta wata ƙofa ƴar tsukuku, ashe da gangan aka yi don maharan su rikice ana ɗauke su ɗai-ɗai ta ramukan jikin katanga. Ramukan ma kala-kala ne, masu tsawo na ƴan baka, masu zagaye da masu kusurwa uku na ƴan bindiga, don tun 1543 ƴan Fotugal suka kawo musu bindiga.

A ƙofar babban benen dole ka cire takalmi ka zuba a leda ka riƙe abinka, matakalar katako ce a miƙe kamar tsani, gwiwata ta ji jiki wallahi. Mai mulkin yankin a lokacin, Ikeda Terumasa, ne ya kammala ginin a 1609, kuma arzikinsa da shinkafa aka auna, koku 520,000, koku ɗaya shi ne abin da zai ci da mutum ɗaya shekara guda. A zamanin ma yawancin samurai shinkafa ake yanka musu a matsayin albashi.

Nan na tuna zuwana Hasumiyar Landan inda na ga sulken Sarki Henry na 8, ƙarfe zalla tun daga kai har yatsun ƙafa. Su baraden Turai gona ake ba su da manoman da ke kanta, su kuma su fita yaƙi wa ubangidansu, bisa al'ada kwana 40 a shekara. Mashi suke saitawa su sako doki a guje. Samurai na farko-farko kuwa ɗan baka ne a kan doki, takobin nan da finafinai suka cika mana ido da shi daga baya ya yi tashe. Sulkensu ƙananan faranti ne aka ɗinke da zaren siliki, yana lanƙwasuwa, ni dai ya fi tuna min ƴan lifidinmu na hawan sallah. A Landan ɗin ma akwai irinsa, kyautar da shugaban mulkin sojan Japan Tokugawa Hidetada ya aika wa Sarki James na Ingila a 1613.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai maganar kamu ce. A Turai in ka kama babban barde ka tsinci dami a kala, ajiye shi za ka yi ka ci da shi da kyau har danginsa su kawo fansa, Sarkin Faransa Jean da kansa Ingilishi sun kama shi a Poitiers a 1356 aka yanka masa kuɗin zinari miliyan 3. Samurai kuwa kai yake nema, a sare a wanke a taje gashin a kai gaban shugaba ya duba, da shi ake lissafin ladanka, shi ya sa wasu gara su kashe kansu da a kama su da rai. Ban ga abin burgewa a nan ba gaskiya, duk da yadda ake yi musu kirari. A 1876 gwamnatin Sarkin Japan Meiji ta hana su yawo da takobi baki ɗaya.