Yadda Nake Koyar Da Darasin Cunkoson Birane

Ɗalibaina da sun ji "bunƙasar birane", dogayen benaye da gadoji suke hangowa. Nakan rubuta musu a allo cewa a 1950 kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen duniya ne ke zaune a birane, yau sun haura rabi, kuma a 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen za su kai kashi 68 a 2050. Su kwafa, su yi hamma. Alƙaluma ba sa girgiza yaro.

Abin da ke kama hankalinsu labarin Landan ne na 1854. Kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin gidajen da aka yi rasuwa, sai ya ga sun taru kewaye da famfon ruwa guda ɗaya a titin Broad. Aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano ramin masai ne ke tsiyaya dab da rijiyar famfon. A nan nake daɗewa, domin jama'a sun riga magudanan ruwa isowa, kuma haka abin yake a birane da yawa har gobe.

Sai in ba kowane rukuni takarda su tsara unguwar mutum dubu: ina rijiya, ina masai, ina juji? Gardama takan kaure, kuma kusan kullum juji ne ake mantawa da shi.

Jakarta, birni mafi girma a Indonesiya, da ke nutsewa saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, nakan bar ta sai mako na gaba.