Hedifon na rediyo daban, na kiɗa daban

Shagonmu yana Sabon Gari, Kano. Gyaran rediyo muke yi, amma an fi saninmu da haɗa hedifon da makirfo ga masu rediyon sha'awa, wato masu hira da juna ta na'urar rediyo, waɗanda lambar kiransu ke farawa da 5N, da 'yan'uwanmu na Nijar masu 5U.

Wani zai shigo da hedifon mai tsada na jin waƙa, ya ce a jona masa. Sai in ce, Alhaji, wannan kunnenka zai gajiyar. Muryar SSB, hanyar da masu rediyon nan ke aika magana da ita, ba ta wuce tsakanin hertz 300 da 3,000. Abin da ya haura haka tsaki ne kawai, shi kuwa na kiɗa an ƙera shi ne ya fito da komai. Ka zauna a zangon rediyo na mita 20 kana laluben wata siririyar murya daga Japan, kafin a jima kanka ya ɗau ciwo. Mai bugun Morse kuma, wato mai aika saƙo da gajeren sauti da dogo, ya guji Bluetooth, domin sautin yana makara, hannu ya rikice.

Makirfo ne inda gwaninta take. Rediyon kamfanin Icom yana turo wuta ta wayar makirfo saboda nau'in makirfo na electret, mai buƙatar wuta. Manyan na'urorin Yaesu da Kenwood sun fi son dynamic, wanda ba ya buƙatar wuta. Fulogin duk mai ƙafa takwas ne, ido ba ya bambancewa, amma haɗin ciki kowa da nasa. Shi ya sa kamfanin Heil ke sayar da waya daban ga kowane. Mu da hannu muke haɗawa, mu sa kafasita mai tare wutar inda ya dace, mu zura wayar a zoben ferrite, mai tace tsaki, kada ƙarfin eriya ya dawo cikin murya.

Marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na taɓa dalma ba sai da na iya gane wayar da ta tsinke a ciki da yatsa kawai. Yakan murza ta a hankali, kunnensa a kan sifika.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Kwali mai sheƙi, waya kamar zare, babu ragar kariya. Mai saye ya gan shi a rabin kuɗi, ya zo yana taya nawa kamar tumatir, bayan wata ɗaya ya dawo wai ana cewa muryarsa na rawa.

Soson kunne ma muna sakewa. Ledar da suke zuwa da ita ba ta jure zafin Afrilu, saɓulewa take. Yadi mai laushi muke ɗinkawa, mai shan gumi, wanda za ka cire ka wanke.