Dalbejiyar da na dasa a Minawao

Shekara uku na yi a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao ban kwance ƙullin kayana ba. Zane biyu ne a ciki, da takardar shaidar koyarwata, da Littafi Mai Tsarki na maigidana wanda bangonsa ya riga ya ɓalle. Kullum ƙullin na gefen tabarma, kusa da bakin tanti, don ranar da za a ce mu tashi a koma gida kada in ɓata lokaci.

Daga bayan dutsen Gwoza muka fito, a farkon damina ta 2014, makon da yaran nan na Boko Haram suka shiga Attagara da ƙauyukan da ke kewaye. Maigidana ya ce in wuce da yara zai biyo mu. Bai biyo mu ba. Wani maƙwabcinmu ne ya same ni a ƙetaren iyaka, ya durƙusa ya kasa haɗa ido da ni, tun kafin ya buɗe baki na gane. A watan Agusta garin Gwoza kansa ya faɗi, masu cewa mako biyu za mu yi suka yi shiru. Daga baya aka kwaso mu a manyan motoci zuwa sansanin nan da ke kusa da Mokolo, a arewa mai nisa ta Kamaru, wanda aka buɗe tun 2013.

Baƙunta ba sai an haye teku ba. Duwatsun da nake hange irin namu ne sak, dawa ce dai abincin mutanen, amma jandarma zai yi maka magana da Faransanci, a kasuwa Fulatanci, mutanen ƙauye kuma Mafa. Kuɗin ma sai an sake koyon lissafinsa, na daɗe ina juya sefa zuwa naira a kaina kafin in sayi gishiri. Ni da nake tsayawa gaban allo yara su miƙe su gaishe ni, na koma lamba a jikin kati, ina layin famfo da jarka tun asuba. Wahalar itace kuwa ta fi komai. Mutane dubbai sun sauka wuri guda, kowa zai hura wuta, cikin ɗan lokaci daji ya zama fili fetal. Mata kan yi tafiyar sa'o'i neman ƙirare, su yi ta samun saɓani da masu gonaki. Ban ga laifin masu gonakin ba, da ni ce aka sare mini itatuwa da haka zan ji.

A waɗannan shekaru na daina addu'a. Ina zuwa sujada saboda yara, in zauna can baya a kan dutse ƙarƙashin rumfar tamfol, idan aka ce mu rufe ido sai in zuba wa ƙasa ido. Ba wai na daina yarda akwai Allah ba ne. Fushi nake da shi, irin fushin da mace kan yi da mutumin gidanta, tana zuba masa abinci amma ba ta ce masa uffan. Da dare kuwa ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa, ko kwano ya faɗi a tantin maƙwabta sai in zabura in rarumi yara.

Akwai wata tsohuwa a Zumuntar Mata ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, ita ke buga tulu idan ana waƙa. 'Ya'yanta maza biyu aka kashe rana ɗaya. Wata Laraba ta shigo tantina ba sallama mai tsawo, ta zauna, idonta ya sauka a kan ƙullin.

Ta ce, "'Yata, wannan fa?"

Na ce, "Mama, na tafiya gida ne."

Ta ce, "To ciro Littafin da ke ciki. Idona ya mutu, ke malama ce, karanta mini Irmiya ashirin da tara."

Don kunyarta na kwance ƙullin. Na san aya ta 11, kowa ya santa, ita ake rubutawa a jikin kalanda, inda Ubangiji ke cewa nufinsa a kanmu na alheri ne. Amma ban taɓa lura da abin da ya gabace ta ba. Wasiƙa ce annabin ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da aka kwashe zuwa Babila. A sura ta 28 wani mai suna Hananiya ya riga ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu komai zai dawo. Irmiya ya ce ba haka ba ne, shekara saba'in ce. Ya ce su gina gidaje su zauna, su yi lambuna su ci amfaninsu, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana cikin lafiyarsa.

Da na kai kan shekara saba'in ɗin muryata ta sarƙe. Na ce, "Mama, wannan ai ba ta'aziyya ba ce." Ta ce, "Ta'aziyya ce mana. Bai ce su jira sai sun koma kafin ya zama Allahnsu ba. Yana can Babilan tare da su." Sai na fashe da kukan da ban yi ba ranar da maƙwabcinmu ya durƙusa a gabana. Ba ta hana ni ba, ba ta yi mini wa'azi ba, ta dai riƙe ƙafata tana rera waƙa ƙasa-ƙasa har aka fara kiran sallar magariba a masallacin unguwar Kanuri.

Daren nan na yi addu'a, in ma za a kira ta addu'a. Ƙara na kai. Na faɗa wa Yesu duk abin da ke raina, har da wanda ba ya faɗuwa a majami'a, na tuna masa shi ma an gudu da shi Masar yana jariri, ya san ƙurar hanya. Ban ji murya ba, ban ga wahayi ba. Barci kawai na yi har gari ya waye, karo na farko tun barinmu gida.

Salamar ba ta zo gaba ɗaya ba, kuma ina jin haushin masu wa'azin da ke sa mutane su ɗauka haka take zuwa. Takan zo ne kamar rabon hatsi, na yau daban, na gobe sai goben. Akwai ranakun da nauyin ke dawowa, musamman farkon damina idan ƙasa ta yi ƙamshi. Sai dai yanzu na san inda zan kai shi.

Da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Lutheran suka kawo aikin dashen itatuwa, na ba da sunana. An koya mana dasawa da wani kwali mai siffar zobe, a binne shi kewaye da dashen, a cika shi da ruwa, ya riƙa tsatsafa wa saiwa a hankali har ta kama ƙasa. An kuma koya mana yin gawayi da ɓawon gyaɗa da sauran tarkacen gona. Na karɓi dalbejiya ɗaya da zogale biyu. Maƙwabciyata, Bakanuriya daga Banki, ita ta riƙe mini dashen ina tura ƙasa. Ta ce, "Maman yara, ashe kin yarda za ki sha inuwarsa." Na ce, "In ban sha ba wani zai sha, Hajiya."

Na yi bulo na laka na tayar da ɗaki. Na koma koyarwa a makarantar sansanin. Da safe idan muna addu'a da yara, bayan Gwoza da Najeriya, mukan ambaci Mokolo da masu gonakin da muka sare wa itatuwa.

A 2021 aka fara mayar da masu so zuwa Banki da Bama. Hajiya ta tafi, muka rungume juna a gindin mota, ta bar mini turminta. Mu na bayan dutse muna nan tukuna. Tsohuwar nan ta rasu a nan, a nan muka binne ta, ni aka ba tulun. Dalbejiyar ta wuce rufin ɗakina yanzu, a ƙarƙashinta Zumuntar Mata ke koyon waƙa ran Laraba, kuma autana da na goyo muka haye dutse shi ke hawa ya karyo mini asuwaki.