Babban allo, ko tabarau?

Yau na leƙa wani shagon kwamfuta a titin Ahmadu Bello, da niyyar canza allona mai inci 24, don lambobin Excel sun fara gajiyar da ni. Yaron shagon ya jera min biyu, duka inci 27, ya buɗe takarda ɗaya a kansu. "Yallaɓai, matso ka duba." Na farkon mai ɗigon hoto 1920 a kwance da 1080 a tsaye ne, daidai da nawa na gida, ɗigogin kawai aka baje, har gefen haruffa ya yi kamar haƙoran zarto. Na biyun 2560 da 1440, rubutu tas, takarda biyu gefe da gefe ba matsi, sai dai haruffan sun fi na gida ƙanƙanta. Da ya faɗi kuɗinsa kuwa, sai da na gyara zaman hula.

Ya so ya tura ni 4K, allon da ya fi waɗannan yawan ɗigogi, amma tsohuwar laftof ɗina tsohon mahaɗin allo na HDMI 1.4 gare ta, hoto 30 kawai za ta tura a daƙiƙa, linzami ya riƙa jan ƙafa. Ban saya ba. Ko a gaban mai tsadar sai da na ƙanƙance ido, ina ganin likitan ido zan fara zuwa tukuna.