Abin da kwas ɗin ruwa ya koya min game da maƙwabtanmu

Na yi wani gajeren kwas a cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Mando a nan Kaduna, kuma gaskiya lakcar da ta fi zauna min a rai ita ce ta kogunan da ƙasashe ke tarayya a kansu. Malam ya baza taswira ya ce mu bi kogin Kaduna da yatsa. Daga tsaunukan Jos ya taso ya ratsa garin nan, ya wuce Shiroro da Zungeru sannan ya faɗa kogin Neja, shi kuma Nejan tun daga Gini ya fito ya bi ta Mali da Nijar da gefen Benin kafin ya shigo mana ta Kebbi. Ƙasashe 9 ne a hukumar da ke kula da shi a Yamai, asalinta tun 1964, shekarar da aka kafa ta tafkin Chadi a Njamena.

A takarda dokar ba wuya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997, wadda sai a 2014 ta fara aiki, cewa ta yi a raba ruwa da adalci, na sama kada ya cuci na gangare, kuma kafin ka yi babban aiki a kan kogi ka sanar da maƙwabci.

Ana ambatar dam ɗin Lagdo na Kamaru aji ya kaure, kowa da abin faɗa, don ba wanda ya manta ambaliyar 2012 da ta 2022, yadda Binuwai ya cinye gonaki tun daga Adamawa har Lokoja, ga ruwan sama mai yawa ga kuma wanda aka sako daga dam. Malam ya bar mu muka gama sannan ya ce, to samari, dam ɗin Dasin Hausa da ya kamata mu gina a Adamawa ya tare ruwan nan, yana ina? Ya ƙara da cewa ku duba Tiga da Challawa a Kano, ruwan da suke riƙewa shi ne ke bi ta Haɗeja ya zama Komadugu Yobe, wanda manoman barkono na Diffa ke sha kafin ya ƙarasa tafkin Chadi. Haka dam ɗin Jibiya, a kan ruwan da ke gangarawa Maraɗi yake. Shi ya sa ma muka yi yarjejeniya da Nijar a Maiduguri a 1990 kan waɗannan kogunan. Wallahi wannan ya tsaya min, mu da ke kuka da Kamaru ashe akwai mutanen da idonsu ke kan ƙofofin dam ɗinmu, kuma da yawansu dangi ne, harshe ɗaya kasuwa ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda siyasa ke shiga ciki. Shekara da shekaru muna ba Nijar wuta daga Kainji, kuma masana na yawan cewa hakan na cikin abin da ya sa ba su yi gaggawar datse kogin a wajensu ba. Bayan juyin mulkin 2023 aka yanke musu wutar, alhali ga aikin dam ɗinsu na Kandaji a kan kogin da Kainji da Jebba ke dogaro da shi. Ni a ganina duk rigimar da shugabanni za su yi, bai kamata ta taɓa layin da injiniyoyi ke musayar alƙaluma ba.

Alƙaluman nan kuwa daga ƙaramin abu suke farawa. An kai mu bakin kogi muka ga sandar awon tsayin ruwa, fenti fari da baƙi da lambobi a jiki, ƙasanta duk laka da gansakuka, wani dattijo ke zuwa safe da yamma ya karanta ya rubuta a littafi. In bai zo ba ranar ta tafi kenan, in sandar ta karye ba a sake ta ba sai a yi ta hasashe. Da irin rubutunsa ake zuwa mitin a Yamai a ce ga abin da ya shigo mana, ga abin da muka saki.

Yanzu a wajen aiki in an kawo maganar sabon dam ko noman rani, tambayata ta farko ita ce su wa ke gangare, kuma in za a buɗe ruwa ta yaya labari zai kai ga mai albasa a fadama, ta rediyo ne ko ta mai unguwa, kuma kwana nawa kafin ruwan ya iso.