Gidan da Daniel Boone ya rasu a Missouri

A makon jiya na ziyarci gidan dutse da ke kusa da garin Defiance a jihar Missouri ta Amurka, inda Daniel Boone ya rasu a 1820 yana da shekara 85. Gidan na ƙaramin ɗansa Nathan ne, domin tsohon da ya buɗe wa dubban Turawa hanyar shiga Kentucky a 1775 ya rasa filayensa na can saboda rigingimun takardun mallaka, har ya ƙaura zuwa Missouri a 1799, lokacin tana hannun Sifaniya.

Tarihin iyalinsa ne ya fi taɓa mini zuciya. Ya auri Rebecca Bryan a 1756, suka haifi 'ya'ya goma. An kashe babban ɗansu James a 1773 a hanyar ƙaura, aka kuma kashe wani ɗansu Israel a yaƙin Blue Licks na Kentucky a 1782, mahaifinsa na cikin mayaƙan ranar. Na yi ta tunanin Rebecca, wadda ta riƙe gida ita kaɗai watanni masu yawa, da kuma ƙabilar Shawnee, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, waɗanda wannan hanya ta raba su da dazukan farautarsu.