Ruwan Yelosuton ba irin na Wikki ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya zafi? Doguwar gaisuwa sai wani lokaci, yau amsa zan bayar, don tunda na saka hoton tafkin nan mai launi-launi na dajin Yelosuton da ke Amurka tambaya ɗaya ake ta yi min, wai na shiga na yi wanka? Har Yaya Babba ya kira ya ce ai irin Wikki ne na Yankari. Wallahi Yaya ba irinsa ba ne. Zan kuma taɓa maganar ɓaunar dajin da kuɗin tafiya in wuri ya samu.

Wikki ruwan ɗumi ne, digiri 31 rani da damina, yaro ma shiga yake ya yi iyo. Shi kuwa Yelosuton, dajin da gwamnatin Amurka ta keɓe tun 1872, mafi yawansa a jihar Wayomin, narkakken dutse ne a ƙarƙashinsa, ruwan sama da na ƙanƙara in ya tsiyaya ƙasa sai ya dahu ya dawo sama yana tafarfasa, wuraren da ruwa ko tururi ko taɓo ke ɓulɓulowa sun haura 10,000. Wanda kuka gani a hoton sunansa Grand Prismatic, faɗinsa ya wuce mita 100, zafinsa wajen digiri 70. Ja da rawayan bakinsa ba gyaran hoto ba ne, wasu ƙananan halittu ne da ke rayuwa cikin zafi, tsakiyar kuma shuɗi ne tas saboda zafin can ya fi ƙarfinsu. Ga warin farar wuta kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Hanyar katako aka shimfiɗa, kuma doka ce kada ka sauka, domin ƙasar wajen ɓawo ne siriri a kan tafasasshen ruwa. A 2016 wani saurayi ya sauka a yankin Norris ya zame ya faɗa ciki, washegari ko gawarsa ba a samu ba, ruwan mai asid ya narkar da ita. Inna lillahi. Waɗanda ruwan zafin dajin nan ya kashe sun haura 20.

Amma abin da ya fi wahalar da ni sanyi ne. A watan Satumba fa muka je, na sa riga uku da safar hannu amma da asuba yatsuna ba sa lanƙwasuwa, alwala kuwa sai da na dafa ruwa. Kana tsaye gefen ruwan da ke tafasa haƙoranka na karo, tururi ya lulluɓe ka ka ji daɗi na ɗan lokaci, ya jiƙa maka hula da gemu, yana wucewa iska ta bugo jiƙaƙƙen wurin sanyin ya ninka. Haka muka zauna jiran Old Faithful, wanda ke feso ruwa sama fiye da mita 30 kusan duk bayan minti 90, mun iso ya gama kenan, sai da muka cinye lokacin nan cur a kan benci. Hunturun Jos ma ban taɓa jin ya shiga ƙashi haka ba.

Wani tafkin, Morning Glory, shi ya tsaya min a rai. Da shuɗi ne, mutane suka yi shekaru suna jefa kwabbai da tarkace har suka toshe hanyar ruwan zafin, ya huce, launin ya koma kore da rawaya. Ina kallonsa Wikki ya faɗo min, yadda kake hango yashin ƙasansa garau. Don Allah masu zuwa Wikki hutun Sallah, ledar fiya wata da robar lemo a mayar da su jaka, sabulu kuma a bar shi a masauki.

Ɓaunar kuwa manya ne ƙwarai, kuma ba a yarda ka matsa musu kusa da mita 23 ba. Lissafin kuɗi sai wasiƙa ta gaba. A gaida Hajiya da yara.